Ta'aziyyar da Na Yi a Tashar Masu Gadi

Na shiga Paris da idanu biyu marasa aiki da kunnuwa biyu masu aiki fiye da kima, kuma a cikin huɗun nan kunnuwan ne suka jawo mana abin da suka jawo. Yanar ido ce ta kai ni. Ɗana Habibu ya ce in zo a kankare mini ita. Likitan can ya ce ɗaya-ɗaya ake yi, a fara da na dama, a jira ya warke, sannan a koma wa na hagu. Na ce madalla, ashe su ma sun san ba a ɗebe wa tsoho duhunsa duka rana guda, kada ya ga yadda duniya ta koma ya suma.

Wanda bai san ni ba, ni ne Laminu na unguwar Birni a Damagaram, wanda ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ya ga ta ishe shi. Malaminmu yakan ce shi ya kore ni; ya rasu, ba zan yi gardama da shi ba. Faransancina yana isa in tambayi hanya, amma ba ya isa in gane amsar. Abin da na sani shi ne rediyo. Tun ina saurayi ba a taɓa ganina a fada ba ita a cinyata, kuma ni ba mai kunna tasha ɗaya ya kishingiɗa ba ne. Ni mafarauci ne. Daɗin abin yana cikin murɗawa a hankali, ka ratsa shuuu da ƙiii har ka tsinci muryar wani bawan Allah a ƙarshen duniya yana faɗin abin da bai shafe ka ba.

Habibu yana loda jakunkunan matafiya cikin jirage, a babban filin jirgin da ke arewa da Paris. Yana da wani kati mai hotonsa da yake ratayawa a wuya, baj suke ce masa. In ya kara shi a ƙofa sai wuta ta yi kore ta buɗe, ya shiga inda ko minista sai an laluba shi. Ranar da na sauka, tun ban gama shan ruwan da matarsa Rakiya ta kawo ba, ya ɗora mini shi a tafin hannu.

"Baba, taɓa ka ji. Wannan shi ne gonarmu. Hayar gidan nan, da abin da Rakiya ke dafawa, da abin da nake aiko muku, da aikin idonka, duk daga nan suke fitowa."

"Gonar da ba ta jiran damina," na ce. "Kun huta."

"Ba wasa nake ba. Lokacin sabunta shi ya zo, kuma kafin su sabunta sai sun bincika mutum: ina yake kwana, da wa yake kwana, me aka taɓa rubutawa a kansu. Don Allah, Baba, ko gardama da direban bis ba na so."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni da ko direban ba na gani.

Gidansu yana La Courneuve, cikin dogayen benayen nan, can hawa na sama-sama. Mutanen bene guda sun fi na unguwarmu yawa, amma ban taɓa zama wurin da babu kowa kamarsa ba. Ka shiga asansar, akwatin da ke hawa da mutane, ka yi sallama, sai kowa ya hau duban takalminsa kamar yau ya saye shi. Habibu ya fita da sassafe, matarsa Rakiya ta tafi nata aikin, a bar ni da firji yana gurnani. Rediyon da na zo da ita daga gida, wadda ta yi mini biyayya shekara da shekaru, tana shiga ginin nan ta kurumce. Duk inda na murɗa sai huci. Habibu ya ce in saurari tashoshin gida a salula. Na ce masa wannan ai kawo wa maharbi naman gwangwani ne.

Bayan an yi mini idon dama, an liƙe shi da auduga da wani ƙoƙon roba, na lallaɓa na je sallar Juma'a. A ƙofar masallaci na gamu da Alhaji Bala, Bakano, mai tura tsofaffin kaya gida cikin kwantena. Bakano da Badamagare kuwa ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba, tun kakanni haka muke.

"Kai, wa ya bar Badamagare ya hau jirgi?" ya ce. "Ga shi nan har ya tsone ido wajen kallon Turawa."

"Duba ku na zo yi. An ce har yanzu in kuka ji an ambaci Damagaram sai ku ruga ku rufe ƙofar gari."

Ya ja ni shagonsa, ya ba ni shayi. Da ya ji kukana game da rediyo sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Baƙar aba ce kamar sandar sabulun wanki, da antan, wato eriya, doguwa mai lanƙwasa, da ɗan gilashi mai lambobi.

"Sikana ke nan, Malam, orijina. Ba tashoshi take kamawa ba, mutane take kamawa. Direban jirgi ya yi tari a sama, ka ji shi. Mai gadi ya yi gulmar ogansa, ka ji shi. Ga eriya, ga caja, ba ruwanka da sayen batir."

"Wannan maɓallin na gefe fa, mai faɗi?"

"Na magana ne. Gyara na ba ka. Kada dai ka taɓa shi in ba dole ba."

Bai ce mini abin yana bukatar takardar izini ba. Bai kuma faɗa mini ba cewa ba sikana ba ce, talki-walki ce irin ta masu gadi. Ya ce dai in Badamagare ya iya kunna ta zai yanka rago.

Na kunna ta, bai yanka ba. Ranar na gane ashe garin da na ɗauka kurma ne cike yake da surutu, a iska suke yin sa. Daga balkon, wato barandar gidan, na ji mai tuƙa injin ɗaga kaya a wurin gini yana zagin na ƙasa. Na ji masu gadin kanti suna bin wata tsohuwa da suke zargi da satar cuku. Na ji direbobin jirgi can ƙasa-ƙasa cikin tsaki, suna Ingilishi kamar yaran da aka tilasta wa karatu. Amma tashar da ta kama zuciyata ita ce ta masu gadin wata babbar ma'ajiyar kaya da ke manne da shingen ƙaramin filin jirgin masu hali, gaba kaɗan da unguwarmu. Su kaɗan ne, na san su da murya kamar 'yan fadarmu. Akwai Mai Mura, kullum yana jan hanci. Akwai shugabarsu, wata Madam mai murya kamar almakashi. Akwai kuma Ibrahima, wani bawan Allah daga wajen Mali ko Senegal, wanda ko ƙofa aka ce ya rufe sai ya ce in sha Allah.

Aibin na'urar Alhaji Bala shi ne kunnenta gajere ne. Daga gida muryoyin suna zuwa a yayyage. Sai na gano in na hau bis na sauka kusa da shingen, suna fita tas. Haka na riƙa zuwa bayan azahar: tsoho da babbar riga da hula, da baƙin tabarau da likita ya ce in sa bayan an cire audugar, yana tsaye jikin wayar filin jirgi da baƙar aba mai antan a kunne. Ni dai fada nake zuwa. Akwai wata kamera a kan dogon ƙarfe da sabon idona ya lura tana juyo da kai duk inda na matsa, na ɗauka iska ce. Akwai wata farar mota da ke wucewa a hankali, ta je ta dawo, na ce wannan direban bai san hanya ba.

Ran da Habibu ya ga na'urar a kan dardumar sallata sai ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Rediyo."

"Wa ya ba ka? Ina kake zuwa da ita?"

"Shan iska."

"A ɗaki, Baba. S'il te plaît, don Allah. A ɗaki kawai, kuma ka rage murya. Takarduna suna hannunsu yanzu haka."

Na ce na ji. Na kuwa yi kwanaki a ɗaki, ina jin su Ibrahima kamar masu magana daga cikin rijiya, har wata rana da gari ya yi haske na ce bari in leƙa su in dawo.

Ina isa na ji tashar ba yadda na saba ba. Madam ta ce wa Ibrahima ya bar ƙofarsa ya kira gida. Can sai ga muryarsa, a karye, yana faɗa wa Mai Mura. Faransancina bai kai ko'ina ba, amma kalmar uwa da kalmar mutuwa tun ajin farko aka koya mana su. Mahaifiyarsa ce ta rasu, can gida, har an kai ta, shi yana nan yana gadin ƙofar wani.

Na jira in ji abin da za su ce masa. Mai Mura ya ja hanci ya ce, "Kuraj," wato ya daure. Madam ta ce ta yi baƙin ciki, sannan ta tambayi wa zai riƙe ƙofar baya. Shi ke nan. An gama da uwar mutum. Na ƙara jira ko akwai Musulmi ɗaya a iskar nan da zai buɗe baki. Babu. Bakano ya ce kada in taɓa maɓallin in ba dole ba. To a garinmu, wanda ya ji rasuwa da kunnensa ya wuce bai yi gaisuwa ba, ba a sake zama tabarma ɗaya da shi.

Na gyara tsayuwa, na danna.

Na yi sallama cikakkiya. Na ja Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na roƙa mata gafara da Larabci iyakar abin da na haddace, na koma Hausa na ce Allah ya haskaka kabarinta, ya sa can ta fi nan, ya kyautata namu ƙarshen, don dukanmu tafiya za mu yi, kuma ba wanda ya san ko yau ne. Sannan, da yake ba a gaisuwar mutuwa a ɓoye kamar ɓarawo, dole mai makoki ya san daga gidan da aka zo, na tattaro Faransancina na faɗi sunana. Na ce ni ne mahaifin Habibu Laminu mai lodin jakunkuna a babban filin jirgi, muna zaune a La Courneuve, kuma gaisuwar daga gidanmu ce gaba ɗaya. Na ma maimaita sunan don kada iska ta cinye shi.

Na saki maɓallin. Ban taɓa jin shiru irin wannan a rediyo ba, ko hucin nan ya ɗauke. Can ƙasa-ƙasa wata murya ta ce, "Amin, Papa. Amin." Sai almakashin Madam ya sauka a kai: wane ne wannan, daga ina, kowa ya bar tashar nan yanzu. Ƙit. Garin ya koma kurma.

Ban kai inda ake jiran bis ba farar motar ta tsaya gabana, wata ta polis ta tsaya bayana. Gaskiya ba su zage ni ba, ba su taɓa hulata ba. Wani ma ya dafa mini kai kada in bugu da ƙofar mota. Ladabin ne ya fi ba ni tsoro. A gida in polis ya daka maka tsawa ka san abin zai ƙare a nan. Suka zaunar da ni a wani ɗaki marar taga, na'urar tana kan tebur cikin leda kamar gawa. Suka kunna mini muryata, ashe duk abin da aka faɗa a tashar ana ɗauka. Na ji kaina ina jan Larabci, ina ambaton mutuwa, ina cewa ba wanda ya san ko yau ne, sannan sunan ɗana da wurin aikinsa, tas, babu tsaki ko kaɗan. A ranar kaɗai na'urar Bakano ta yi aiki kamar orijina.

Aka kira Habibu daga wajen aiki. Ya shigo da rigarsa mai ruwan ɗorawa mai ƙyalli, baj a wuya, ya yi musu bayani da Faransanci mai santsi. Babbansu ya saurara, har ya ɗan yi murmushi wajen batun ta'aziyya. Ya ce ya fahimta, su ma suna da tsofaffi. Ya ce na'urar ta zama tasu, ni kuma in tafi gida. Habibu ya tambaye shi ko shi ke nan.

"Shi ke nan," ya ce. "Sai dai za a rubuta."

A cikin bis na ce, "Ka ga, mutumin kirki ne." Habibu yana kallon taga, ya damƙe baj ɗin a hannu ta cikin riga.

Juma'ar da ta biyo na tarar da Alhaji Bala a ƙofar masallaci, na ɗaga murya na ce ina ragona. Ya gaishe ni gaisuwar baƙo, ya ce, "Wace sikana, Malam? Ni firji nake turawa." Bai kira ni Badamagare ba. Bakano ya ga Badamagare bai tsokane shi ba: nan ne na san abin ya wuce wasa.

Bayan 'yan kwanaki Habibu ya fita da sassafe, kafin hantsi ya dawo. Ashe da ya kara baj a ƙofar wurin aiki, wuta ta yi ja. An ce an dakatar da shi har a gama bincike. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna ya cire takalma, ya jera su a hankali. Rakiya ta kawo mini fura da ta dama da yawurt, nonon kanti, ta ajiye ta koma ɗaki. Can ya ce, "Baba, za ka ɗan je Lyon wajen Inna Mariyama ka huta, kafin ranar aikin ido na biyu."

Hajiya Mariyama ƙanwar marigayiya matata ce. Tana zaune a Rillieux-la-Pape, kan tudu bayan garin Lyon, mijinta yana da shagon kayan miya a La Guillotière. Jirgin ƙasan da ya kai ni gudu yake kamar an biyo shi. Duk tafiyar wata mata da ke gefena tana rungume da jakarta, ni ma ina rungume da tawa, kowa yana tsoron kowa. Hajiya ta tare ni da doguwar gaisuwa irin ta gida, har ta tambayi awakin da na sayar tun bara, sannan ta rufe ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Yaya Laminu, kai da aka kawo gyaran ido, wa ya aike ka gyaran lahirar mutanen Mali?"

"Ba a ma tabbatar ɗan Mali ba ne."

"To a gidan nan ko maɓallin tele ba za ka taɓa ba."

Na yi haƙuri iyakar haƙuri. Amma salula ta zame mini abin tsoro: in ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ba ta yi ba ya fi faɗuwa. Habibu yana kira, gaisuwar tana ƙara gajarta, daga ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, ta koma "Baba, lafiya? Ba labari." Duk farar motar da ta rage gudu a ƙofar benen sai in ja da baya daga taga. In na rufe ido sai in ga fadarmu bayan la'asar, butar shayi a kan gawayi, ana yi mini ihu in bar murɗe-murɗe a ji labarai. Kunnena kuma yana ƙaiƙayi.

Wata rana na bi mijin Hajiya shago, na zame na fita. A bakin ramin metiro na Guillotière, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda ake sayar da komai daga cikin aljihu, wani dogo ya buɗe mini rigar sanyinsa ya nuna wata na'ura mai antan biyu, ja da baƙi, da fitilu. Abu ɗaya na tambaye shi, da baki da hannu: tana magana? Ya rantse ba ta magana. Wannan kam bai yi ƙarya ba. Da na kai ta bayan shago na kunna, kiɗa kawai take kamawa, da wani mai tallar katifa. Antan ɗaya da na taɓa sai ta biyo hannuna, da gam aka liƙa ta. Na fito neman dogon, ya ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

A ƙarshen unguwar su Hajiya akwai wurin da tudun ya yanke, kana hango kogi a ƙasa da garin gaba ɗaya. Nan nake zuwa da hantsi in zauna a benci da rediyon katifata, don dai hannu ya riƙe wani abu. Nan na tarar da wani tsohon Bature, ya girme ni, da hular ulu, da 'yar na'ura mai gajeriyar antan a cinya, da waya a kunne. Na miƙe zan bar wurin, don na riga na san abin da ke biyo bayan irin wannan zama. Sai ya dubi tawa ya fashe da dariya har da tari. Ya matsa mini wuri, ya zare wayar kunnensa ɗaya, ya goge ta da hankici, ya miƙo mini.

Jama'a, ashe duk abin da na ji a baya gunaguni ne. Direban jirgi ya yi magana kamar a benci ɗaya muke. Ba ka murɗa komai. Ita da kanta take zagaya iska da gudu, in ta tsinci murya ta tsaya, in an yi shiru ta wuce. Muka ji masu jiragen ruwa a kogi, muka ji wasu tsofaffi irinsa suna gwada nisan muryarsu daga bayan duwatsu. Sunansa Musye Rene. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna kiransa ran Lahadi in sun tuna. Da rabin Faransancina da hannuwanmu muka riƙa hira kullum.

Shi ya bambance mini su. Ta Guillotière, ya ce, abin wasan yara ce. Irin ta Bakano tana da arha, tana da ƙarfin baki, amma kunnenta ba ya tacewa: in tasha mai ƙarfi tana kusa sai ta danne sauran, shi ya sa nake jin jirage cikin tsaki, shi ya sa kuma sai da na je jikin shinge. Tasa ta fi tsada nesa ba kusa ba, tana cin pil, wato batir, kamar fara, lambobinta ƙanana sai da tabarau, amma da ita ce a hannuna da daga balkon Habibu na ji su Ibrahima ban sa takalmi ba. Polis kuwa babu wadda ke jin su, sun kulle maganarsu. Duk wanda ya ce maka tasa tana ji, maƙaryaci ne. Ya juya ta ya nuna mini gefenta: sumul, babu maɓallin magana.

"Kunne kawai," ya ce, ya ja nasa kunnen. "Baki sai da jarrabawa da takarda."

"To in ka ji an yi wa wani rasuwa fa?"

"Sai ka ji."

Na ce lallai wannan na'urar an ƙera ta daidai mutanen asansar.

Na ba shi labarina. Ya yi dariya wajen Bakano, ya yi dariya wajen Madam, ya share ido wajen "Amin, Papa". Da na zo kan baj sai dariyar ta tsaya. Ya kashe na'urar, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce shi ma ya yi aiki a wurin da ake shiga da irin wannan kati. Ya ce masu binciken ba sa tambaya ko kai mugu ne. Tambayarsu ita ce ko akwai shakka, kuma a wane gida shakkar take kwana. Ya juyo ya dube ni.

"Kai ne shakkar, abokina," ya ce. "Kuma adireshinka nasa ne."

Da la'asar ɗin ranar Habibu ya kira. An gayyace shi ofis an yi masa tambayoyi: wane masallaci nake zuwa, me ya sa na faɗi wurin aikinsa, har yanzu a gidansa nake, yaushe zan koma.

"Me ka ce musu?"

"Na ce sai an yi maka ido na biyu."

"Suka ce me?"

"Suka rubuta."

Na ce ya sayo mini tikitin gida. Ya ce ba zai yiwu ba, ranar aikin ta kusa, in na tafi biza ba za ta sake samuwa ba, idon hagu zai rufe gaba ɗaya. Na ce masa mai sauraron rediyo ido ɗaya ma alfarma aka yi masa. Ya ce, "Baba, ba lokacin wasa ba ne." Na ce ni na haife shi ko shi ya haife ni. Can ya ce to.

Musye Rene ya raka ni har inda ake hawa bis. Ya so ya ba ni na'urarsa, na ce ya rufa mini asiri, a buɗe jakata a filin jirgi a ga antan? Ni na bar masa rediyon katifa, ya karɓa da hannu biyu kamar lambar girma.

Da na koma Paris, Habibu ya kai ni babban filin jirgin, wurin aikinsa, cikin rigar gida. Duk inda muka bi kansa a ƙasa. Wani abokin aikinsa mai rigar ƙyalli ya hango shi ya ɗaga hannu, "Habib! Yaushe?" Ya ɗaga kafaɗa. Mutumin ya kara katinsa a wata 'yar ƙofa, ta yi kore, ta haɗiye shi.

Muka ba da jaka, muka zo bakin igiyar da 'yan rakiya ke tsayawa. Nan ya riƙe mini hannun riga.

"Baba, tsaya. Amsa ta zo shekaranjiya. Sun ƙi."

"Sun ƙi me?"

"Sun ƙi sabuntawa. Na rasa yadda zan faɗa maka. Ba sai ka tafi ba, babu abin da tafiyarka za ta ceto yanzu. Mu karɓo jakar, a yi maka idon, ko shi mu samu."

"Ba a ɗaukaka ƙara?"

"Ana yi. Lauya ya ce ana yi. Yana cin watanni, kuma ba tabbas."

"In suka sake zama, me za su fara tambaya?"

Ya san na san amsar.

"To ka ce musu tsohon yana Damagaram, unguwar Birni, ba shi da biza, ba shi da ido. In suna so su tabbatar su zo, akwai shayi."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ko'ina ba. Ya durƙusa nan gaban Turawa, na dafa kansa na yi masa addu'a a hankali, yadda ko na kusa da mu bai ji ba. Na wuce igiyar. Shi ya tsaya inda kowa ke tsayawa.

An ba ni kujerar taga ta gefen dama, gefen idon da ke gani. Can ƙasa motar jakunkuna ta iso, masu rigar ƙyalli suka hau sauke su. Na gane tawa da tsumman atamfar da Hajiya ta ɗaura a hannunta. Wani da ban sani ba ya finciko ta da hannu ɗaya, ya wurga ta cikin jirgin, wurgin wanda bai san jakar uban kowa ba ce, ya juya ya ɗauki ta gaba.